Shokazobar da Aka Goge wa Kunne

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya, wani lokaci kuma kuna ba ni tsoro. Sai in ji ɗayanku yana cewa ai canjin shokazoba ba wani aiki ba ne, ka kwance tsohuwa ka ɗaura sabuwa, ka wanke hannu ka karɓi naka. Mai kaya ya miƙo muku kwali mai sheƙi ya ce duk ɗaya ne, ku ko leƙa cikinsa ba kwa yi. To ku gyara zama. Ni Sale, gyaran ƙafar mota na yi a Birnin Kudu tun ana tuƙi a hannun hagu, kuma har gobe idan na ji an ce "duk ɗaya ne" sai gabana ya faɗi.

Aikin farko da aka ba ni a gareji shi ne wanke noti da bolti a cikin gwangwanin kananzir. Maigidana Haladu gajeren mutum ne mai faɗan tsiya, garejinsa kuwa gindin wata tsamiya ce a bakin titi da rumfar kwano a gefe. Kayan aikinmu duka akwatin katako ɗaya ke ɗauke su: 'yan sifanu da bakinsu ya lashe, guduma, filaya, wata sarƙa, da jak guda mai yoyon mai wanda sai an tokare mota da kututture kafin mutum ya yarda ya shiga ƙasa. Akwai kuma magagari, wanda ake goge ƙarfe da shi. Shi wannan ba ya barin shi a akwati, a aljihun rigarsa yake yawo da shi. Na daɗe ina zaton rowa ce. Ashe ya san hannun ɗan koyo, in abu ya ƙi shiga, ba ya tambayar dalili, magagari yake nema.

Ga wanda bai sani ba, shokazobar gaba ta a-kori-kura irin ta zamaninmu wani ƙarfe ne mai tsawon hannun mutum, da sifirin nannaɗe a jikinsa. Kanta yana ɗaure a jikin mota, ƙasanta kuma yana da kunnuwa masu huji waɗanda ake zura wa bolti a ɗaure su da gindin taya. Ba lallashin rami kaɗai take yi ba, ita ke riƙe da tayar a tsaye. In ta saki, taya ba ta da uwa ba ta da uba.

Ranar da na fara tsoron sifirin, wata a-kori-kura ce ta mai hatsi daga Wurno aka kawo. A lokacin ba mu da abin matse sifirin irin naku mai zare. Sarƙa muke ɗaurawa, a sauke nauyin mota a kai har ya tsuke, a ƙulle, sannan a ɗaga. Ina tsugune ina riƙe da sifana, Maigida yana kwance notin sama, sai na ji wani ƙas. Ban ga komai ba, iska kawai na ji ta wuce ta gefen kunnena. Da muka ɗaga kai, sai ga huji a kwanon rumfa, rana tana leƙo mu ta ciki. Sifirin ɗin a bayan gidan mai shayi aka tsinto shi. Maigida ya dube ni, ya dubi hujin, ya ce, "Kai Sale, da kanka ya fi haka girma kaɗan, da yau uwarka ta yi baƙi." Kowa ya yi dariya, ban da ni. Bai taɓa liƙe hujin nan ba. Da damina ruwa ya riƙa zubo mana ta nan, in an yi magana ya ce a bar shi.

Abin da ya fi koya mini shi ne awo da kara. In za a je Kano sayen shokazoba, sai ya shimfiɗa tsohuwar a ƙasa, ya yanko karan dawa daidai tsawonta, ya yi tsaga da wuƙa a inda kowane huji yake, da inda farantin sifirin ya zauna. Wannan karan za ka rataya ka shiga mota da shi kamar mai zuwa kiwo. Masu kanti a Kano su yi ta yi mana shaƙiyanci, "Ga 'yan Birnin Kudu da sandarsu." Sai ka ɗora kara a jikin sabuwa. Tsaga ta hau huji, ka biya. Ba ta hau ba, ko da kaurin ƙwayar gero ne, ka ajiye musu kayansu ka yi gaba.

Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, a-kori-kura ta cika hanya. Mai gyaɗa ya saya, mai shanu ya saya, malamin makaranta ma ya haɗa da ɗan'uwansa suka saya. Maigida ya tsufa ya koma gona, ya bar mini gindin tsamiya da akwatin. Aiki ya yi yawa har muna korar wani. Amma a nan ne rigimar ta fara, domin masu ƙera motar ba su zauna wuri ɗaya ba. Ta bana da ta bariya, in ka tsaya daga nesa, uwa ɗaya uba ɗaya. Fitila iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, har kukan inji ɗaya. Sai ka shiga ƙasa ka tarar sun matsar da hujin kunne kaɗan, ko sun ƙara wa bolti kauri, ko sun ɗaga farantin. Ba wanda zai aiko maka da labari. Direba kuma bai san shekarar motarsa ba, abin da ya sani shi ne ya saye ta bayan Sallar Layya.

Masu mota kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai kawo maka ita tana tafiya a karkace kamar jakin da aka yi wa lodi gefe ɗaya, ya rantse bai taɓa ɗora mata abin da ya wuce buhu kaɗan ba, alhali ga gashin saniya nan maƙale a jikin bodi. Akwai mai cewa a canja ɗaya kawai, ɗayar ai ba ta yi kuka ba tukuna. Akwai wanda zai tsaya a kanka yana koya maka aikinka da bakin da ke cike da goro. Duk waɗannan ana zama da su. Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai sauri, wanda gobe kasuwa.

Sai shekarar wahala ta zo. Kaya suka yanke daga waje, kantunan Kano suka zama fayau. Motoci suka yi layi a gindin tsamiyata a kan kututture, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu. Daga nan wasu kaya suka fara ɓullowa a kwalaye masu kyau, ba a san inda aka ƙera su ba, a jikin kwalin an zana a-kori-kura, mai kanti ya ce ta kowace shekara tana ɗauka. Na je da karana na gwada, na dawo hannu wofi ya fi a ƙirga. Mutane suka fara cewa Sale ya cika tsirfa, gareji ya koma wurin hira.

A cikin wannan shekara Garba Dogo ya zo mini. Direba ne mai motar kansa, tsohuwar kira, yana jigila tsakanin Gwaram da Sara da Birnin Kudu, kuma mun saba ƙwarai, tare muke cin tuwo in dare bai yi masa ba. Shokazobarsa ta gaba ta hannun dama, ɓangaren fasinja, ta mutu tana zubar da mai. Ya shigo da kwali a hammata yana murmushi.

"Malam Sale, yau na hutar da kai. Da kaina na je Kano na samo."

Na kwance tsohuwar, na shimfiɗa ta da sabuwar a ƙasa kai da kai. Tsawo ya yi daidai. Faranti ya yi daidai. Na duba kunnuwa, sai na ga hujin ƙasa na sabuwar ya sauka kaɗan, bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba.

Na ce, "Garba, wannan ta sabuwar kira ce. Ba ta motarka ba ce."

"Haba Malam Sale. Ɗan wannan? Ka sa magagari ka ɗan ja hujin mana, bolti ya wuce."

"In na ja hujin, naman kunnen zai rage. Abin da ya saura ba zai ɗauki lodinka a hanyar Sara ba."

"Mai kanti ya rantse mini duk ɗaya ne."

"Mai kanti zai hau motar?"

Ya ɓata rai. Ya ce gobe kasuwar Sara, ya yi sati bai yi lodi ba, gidansa ba hatsi. Gaskiya ya faɗa, na sani. Na ce ya bari in mayar masa da tsohuwar, ta mutu amma kunnenta lafiya lau, mota za ta yi ta tsalle amma taya ba za ta fita ba, in ya so ya bi a hankali. Ya yarda a baki. Na ɗaura masa, ya jefa kwalinsa a gidan gaba ya tafi ko sallama ta kirki bai yi ba.

Abin da ya sa maganar ta zama tawa shi ne Inna. Mahaifiyata ta tafi Sara suna a gidan ƙanwata, kuma tun kafin wannan rigima na roƙi Garba ya taho da ita ranar kasuwa in ya gama lodi. Ban damu ba, tunda da hannuna na ɗaura tsohuwar.

Washegari bayan azahar ina ƙarƙashin wata mota, wani direban Gwaram ya tsaya shan ruwa. Ya leƙo yana dariya.

"Malam Sale, ashe akwai aikin da ke gagarar ka? Abin da ka ce ba ya yiwuwa, jiya da yamma wani mai walda a Gwaram ya gama shi kafin shayi ya huce. Ya goge hujin, ya buga bolti da guduma, Garba har yana cewa motar ta koma amarya."

Ban san lokacin da na fito daga ƙarƙashin motar ba. Na ce, "Ina Garban?"

"Na baro shi a Sara yana lodi. Ya cika ta dam. Na ga ma Innarku, ya ba ta gidan gaba."

Dole ya ba ta gaba. Wane direba ne zai sa tsohuwa, uwar abokinsa, a bayan mota cikin buhuna da awaki? Girmamawa ce, ko yana fushi da ni ba zai fasa ba. Kuma kujerar nan, ƙafafun mai zama a kanta suna miƙe ne daidai bayan tayar da aka goge wa kunne.

Na ari babur ɗin mai shayi ko izini ban gama nema ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba. Hanyar a lokacin duk ramuka ce da gangare, kuma na san kowane rami, domin su ke kawo mini aiki. Duk kwanar da na sha sai in zaci zan tarar da taron mutane. Duk ƙurar da na hango sai in ƙara wuta. Ina ta karanto abin da ya zo bakina, rabi addu'a rabi sunan Inna.

Ban yi nisa da wuce wata 'yar gada ba na hango su tafe. Motar ta durƙusa da buhuna, mutane a sama, awaki a ɗaure a gefe. Na tsayar da babur a tsakiyar hanya na ɗaga hannu biyu. Garba ya taka birki, na ga gaban motar ya dunƙula ta dama, na runtse ido.

Ya leƙo ta taga. "Lafiya, Malam Sale?"

Na kwanta a ƙasa na leƙa bayan tayar. Hujin ya zama dogo kamar ƙwan tsuntsu, naman da ya rage a bakin kunnen bai fi kaurin bakin cokali ba, kuma fentin wurin ya riga ya tsage. Na taso na buɗe ƙofar fasinja.

"Inna, sauko."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, duk jikina baƙin mai. "Kai Sale, wani ne ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Ƙafar motar nan ce ba lafiya. Sauko in kai ki a babur."

Garba ya fito yana huci. Ya ce ina so in tozarta shi a gaban fasinjansa don wani ya yi aikin da na kasa. Ya ce tun daga Gwaram yake tafe lafiya lau. Na ce ya zo ya leƙa da idonsa, ya ce shi ba bakanike ba ne. Mutanen sama suka fara hayaniya, rana tana yi, wasu suna cewa a bar su su tafi.

Inna ba ta motsa ba. Ta ce, "Sale, motar ni kaɗai za ta kayar, ko har da waɗancan na baya?"

"Har da su, Inna."

"To ka zo ka ɗauke taka uwar ka bar na wasu?"

Ta sauko da kanta, a hankali, tana dafa ƙofa. Ta zagaya bayan motar ta ɗaga kai ta dubi matan da ke zaune kan buhuna da goyonsu. Ta ce, "'Yan nan, ɗana ba ya sha, ba ya ƙarya a kan ƙarfe. Ku sauko mu zauna a inuwa." Matan suka dubi juna, suka fara miƙo yara. Da mata suka sauka, mazan ma suka bi ɗaya bayan ɗaya, suna gunaguni, wani yana cewa wa zai biya shi kuɗin motarsa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Wani saurayi ne mai sayen gyaɗa, Ya'u, buhunansa ne suka fi yawa a lodin, ya ce ba zai rabu da kayansa ba. Ya diro daga sama, ya ga gidan gaba a buɗe ba kowa, sai ya washe baki.

"Yau kam na samu gaba. Inna, na gode da kika ɗumama mini wuri."

Na riƙe hannun rigarsa. Na ce, "Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka zauna a nan. In dole sai ka bi, koma sama ta ɓangaren direba."

Ya zame hannunsa yana dariya. "Malam, tun da nake ban taɓa shiga gaba ba. Kwana in ya ƙare ko a kan tabarma ne sai a tafi."

Na juya wurin Garba. Na ce ya rage lodi, ko ya jira in je in ɗauko tsohuwar in mayar masa a nan bakin hanya, ba zan karɓi ko kwabo ba. Ya ce tsohuwar tana Gwaram, ya bar wa mai walda. Na ce to ya bi a giya ɗaya kamar mai rakiyar gawa. Bai ko dube ni ba. An sauke masa fasinja a gaban jama'a, idonsa ya rufe. Ya buga ƙofa, ya kewaye babur ɗina, ya taka mota da ƙarfin da bai taho da shi ba.

Na hau babur na bi bayansa, ban san me zan yi ba in na cim masa. Ina ganinsu suka nufi 'yar gadar nan da na wuce. A bakinta akwai wani rami da kowane direba ya sani, ana rage gudu a hau shi a karkace. Garba bai rage ba. Na ji ƙara kamar an sare icce, tayar dama ta kwanta ciki, gaban motar ya caki ƙasa, ta juya ta faɗa gangaren ta ɓangaren fasinja, buhuna suka biyo ta.

Garba ya fito ta tagarsa da kansa, jini a goshi, ya zauna a ƙasa yana kallon hannuwansa. Ni da mazan da suka sheƙo a guje muka yi ta janye buhuna, muka tura motar da kyar. Ƙofar dama ta shige ciki har ta kusa taɓa sitiyari. Muka zaro Ya'u muka shimfiɗe shi a gefen wata gonar dawa. Ba sai an kira kowa ya duba ba.

Matan suka iso a ƙafa, Inna a gaba. Aka so a tare ta, ta ture hannun mai tare ta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙofar nan da ta lotse, sannan ta je ta cire mayafinta ta lulluɓe shi, ta gyara masa ƙafafu.

Ta ce, "Ɗan wane gari ne?"

Wani dattijo ya ce ɗan Kwandiko ne, uwarsa tana nan da rai, shi kaɗai ne namiji a wurinta. Maza suka fara duban juna, kowa yana jiran wani ya ce shi zai kai labari. Na ce ni zan je, tunda ga babur.

Inna ta ce, "Za ka je, amma kai direba ne kawai. Ni zan shiga in gaya mata."

"Inna, hanyar ba kyau, ga shi ba ki san matar ba."

Ta riga ta kama bayan babur ɗin tana neman inda za ta taka. Ta ce, "Tayar da shi, Sale. Wurin zamana ne ya zauna."